Sandar Alhaji Mai Lamba Goma Sha Biyu

Ranar Asabar, 17 ga Mayu, 2025, gari ya waye da yayyafi a Bronx, irin wanda ba ya jiƙa mutum sai ya yi nisa da gida. Ina dama koko a kicin sai na ji maigidana, Alhaji Rabi'u, yana karanta wasiƙa da ƙarfi a falo. Ya kai ƙarshe, ya sake komawa farko.

Daga Argungu ta zo, daga hannun wansa, Yaya Abdulai. Maganar gorar mahaifinsu ce, babbar gorar nan da marigayi ya yi shekara arba'in yana shiga kogi da ita. Yaya Abdulai ya manyanta, gwiwa ta hana shi su, don haka ya yanke cewa gorar za ta koma hannun wanda ya riƙe sana'ar gida a cikin ƙannensa biyu. Ɗaya shi ne Jibrin, wanda kullum yana bakin ruwa. Ɗayan kuma Alhaji, wanda ya yi shekara ashirin yana shaida wa 'yan gida ta waya cewa kifin Amurka ya san sunansa.

Yaya ya gindaya sharaɗi. Ba ya son hoton waya, domin ya taɓa ganin wani da aka yi wa akuya fuka-fuki. Wasiƙa yake so, da hoton takarda na Alhaji riƙe da kifin da ya kama da hannunsa, da sa hannun shaidu biyu. Ya ba shi zuwa ƙarshen Yuni.

"Jibrin!" in ji Alhaji, yana kaɗa takardar. "Yaron da ni na koya wa riƙe homar kamun kifi?"

Ya kamata in faɗi abu ɗaya a nan. Alhaji ya bar Argungu yana ɗan shekara tara, aka kai shi makarantar kwana a Kaduna. Aikinsa yanzu ɗaukar hoton ƙashi ne a asibiti. A shekara ashirin da uku da muka yi tare, duk kifin da na ga ya kama daga cikin miya ya kama shi.

"Sa'a, ɗauko biro," in ji shi. "Gara a rubuta amsar tun yanzu, hoto kawai za a jira."

Na ɗauko. Ya harɗe a kujera ya fara.

"Bayan gaisuwa, ga hoton giwan ruwan da na kama..."

"Alhaji, babu giwan ruwa a ƙasar nan."

"To, rubuta ɗan'uwan giwan ruwa. Wurin nauyi ki bar fili, in an auna sai a cike. Ki bar fili mai faɗi."

Na bar fili mai faɗi. Na ninke takardar na sa a jaka.

Ya taɓa gani a talabijin yadda Turawa suke tsayawa a cikin rafi suna kaɗa sandar fatsa gaba da baya, ba tana ba ƙullin gari, sai ƙudan ƙarya da aka ɗaure da gashin tsuntsu a jikin ƙugiya. Ya ce wannan ne sun manyan mutane, shi zai yi. Kafin azahar muna Manhattan, a wani kantin kayan kamun kifi.

Mai kantin dattijo ne mai farin gemu da sanyin murya. Ya tambayi Alhaji inda zai yi kamun. Alhaji ya ce akwai wata ƙorama a gandun shaƙatawa na Van Cortlandt, inda ƙungiyarmu ta Hausawan unguwa take taron shekara. Dattijon ya gyaɗa kai, ya ciro wata siririyar sanda daga jikin bango.

"Lamba uku," in ji shi. "Ƙafa bakwai. Ƙaramar lamba ta ƙaramin ruwa ce. Zarenta yana sauka a hankali, kifi ba ya firgita, kuma tana shiga ƙarƙashin rassa."

Alhaji ya karɓe ta da yatsu biyu, ya juyo gare ni da Hausa. "Wannan ai tsinken tsire ne. Sa'a, gaya masa daga ina nake."

"Ai kana jin Turanci, Alhaji."

"Na sani. Ya fi nauyi in wani ne ya faɗa."

Na ce daga Argungu yake. Dattijon ya gyaɗa kai cikin ladabi, kamar an ambata masa sunan wani magani.

"Wacce ce mafi girman lamba a kantin nan?" in ji Alhaji.

Aka kawo lamba goma sha biyu. Ƙafa tara ce, gindinta kamar ƙotar fartanya. Dattijon ya ce ta teku ce, ta kifin da ya kai girman mutum. Ya ce zarenta zai faɗa wa ƙorama kamar igiya, kuma tana bukatar fili a baya, alhali ƙoramar da ake magana mutum zai tsallake ta da taku biyu.

"A garinmu," in ji Alhaji, "da nauyin kayan aiki ake gane masunci. Homar mahaifina mutum biyu ke ɗaga ta. In riƙe wancan sillen a hoto, me wana zai ce? A ɗaure mini wannan."

Ya haɗa da wandon roba mai takalmi wanda ya kai ƙirji, da falmaran mai aljihu goma sha huɗu, da malafa. Dattijon ya danne kaifin bayan ƙugiyoyin da filaya, ya ce haka doka ta ce, sannan ya miƙo wata 'yar takarda ta dokokin kamun kifi a cikin birni. Alhaji ya yi fifita da ita sau biyu ya miƙo mini. A jirgin ƙasa na layin D na karanta ta daga sama har ƙasa. Layi na uku ya ce duk kifin da aka kama a ruwan gandun birni dole a mayar da shi ruwa da ransa.

"Alhaji, takardar nan ta ce..."

"Sa'a, don Allah. Bakabe za ki koya wa ruwa?"

Na mayar da ita jaka, kusa da wasiƙar.

Sandar gida huɗu ce, ana zare ta a zuba a cikin kwano mai tsawo. Amma muna fitowa daga tasha a Grand Concourse Alhaji ya tsaya ya haɗa ta tsaf, don kada mutanen unguwa su ɗauka laima ya sayo. Ya saɓa a kafaɗa. Ya juya zai gaisa da wani, sai bakin sandar ya share layin laimomin da ke rataye a teburin Nasser.

Nasser maƙwabcinmu ne, mutumin Maraɗi, yana sayar da huluna da laima a bakin titi. Bakatsine ne, tsakaninsu da Kabawa, mutanen Argungu, kuwa akwai wasa, kuma Nasser bai taɓa barin wasan ya huce ba.

"Kai, Bakabe!" in ji shi, yana tsince laimomi. "Mi ka ɗauko haka? Mangwaro za ka kaɗo, ko tuta za a kahwa?"

"Kai da garinku ko kududdufi sai an yi addu'a, ina za ka san kayan ruwa? Ranar taron ƙungiya, sha huɗu ga Yuni, ni zan ciyar da jama'a da kifi. Ina neman shaidu biyu masu hankali. Na rasa, don haka zan ɗauke ka."

"Bon. Ni ne shaida na hwarko. Ko kasuwa ta ci ta ƙare ba ni, sai na tahi."

Aka shiga gwaji. Gwajin ranar farko bai kai dare ba, domin tun la'asar ya fasa ƙwan fitilar falo. Washegari ya sauko da labule tare da ƙarfensa. Na ce falon ya yi wa gwaninta irin tasa kaɗan, ya yarda da wannan magana nan take, ya koma tsakar gidan benenmu. Mutane suka leƙo ta tagogi tun daga hawa na ɗaya har na shida. Ya kaɗa sandar baya, zaren ya tashi sama, ya kaɗa gaba, sai ga zane atamfa yana saukowa a hankali daga hawa na biyu.

Zanen Hajiya Mariatu ne, ta shanya a taga. Hajiya Mariatu 'yar zangon Kumasi ce, ita ce shugabar girki ta ƙungiya, kuma muryarta ba ta bukatar lasifika.

"Ei, Alhaji! Wannan ne kifin farko?"

"Gwaji ne, Hajiya. Nauyinsa nake aunawa."

"Auna ka miƙo mini. An ce kai za ka kawo kifin taro. Mutum sittin ne fa."

"Kada ki sayi ko wutsiya. Ki tanadi tukunya biyu."

"Na ji. Amma in tukunyata ta tafasa babu kifi, kai zan saka."

"Ke ce ma shaida ta biyu."

"Ni kam ina gani zan faɗa," in ji ta, ta ja zanenta ta rufe taga.

A makonnin da suka biyo baya Alhaji ya kama eriyar motar mai gadin gida, da kwandon shara, da kunnen malafarsa sau uku. Labarin kifin kuwa sai girma yake. A masallaci ranar Juma'ar farko ya kai tsawon hannu. Zuwa ranar Babbar Salla ya kai cinya. Na sake gwada maganar layi na uku, ya ce dokar masu koyo ce. Ni dai na shiga intanet na cire masa lasisin kamun kifi, na buga a takarda. Ranar Juma'ar jajibirin taro, yana wurin aiki, na je kasuwa na sayo katan biyu na daskararriyar ƙarfasa, na jera a ƙasan babbar kula, na rufe da ƙanƙara, na ɗora kwalaben lemo a sama. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar taro Alhaji ya fita da sallar asuba. Mu muka isa gandun da ƙarfe goma, da tabarmi da tukwane da buhun albasa. Muka same shi a bakin ƙorama cikin cikakkiyar shiga, wandon roba har ƙirji, aljihu goma sha huɗu duk a cike. Ƙoramar kuwa yadda dattijon kanti ya faɗa take. Ruwa ne mai haske yana bin duwatsu, rassan bishiyoyi sun haɗe a kansa, kana iya hango 'yan ƙananan kifaye suna tsaye a inuwa.

"Ina kifi, Bakabe?" in ji Nasser.

"Nazarin ruwan nake tun ɗazu. Masunci ba ya afka wa ruwa kamar ɗan Maraɗi ya ga fura."

Hajiya Mariatu ta ɗora tukwane. Jama'a suka jeru a bakin gaɓa, maza gaba, mata a gefe, kowa da waya a hannu. Alhaji ya gyara malafa. In zai cika baki sai harshensa ya koma na Argungu, wanda bai yi amfani da shi ba tun yana aji uku.

"Ni na ɗan gidan su! Ruwan Matan Fada ya san ƙahwata! Ku ja baya!"

Aka ja baya. Ya kaɗa sandar, zaren ya tafi baya bai dawo ba. Ya fizga, sai ganye ya zubo wa na sahun gaba. Sai da mutum uku suka tanƙwaro reshen kafin a kwance.

"Iska ce," in ji Alhaji.

A karo na biyu zaren ya dawo, amma ya dawo da hular Nasser. Hular ta yi sama, ta sauka a tsakiyar ruwa, ta kama hanya.

"Ka kama na hwarko!" in ji Nasser, yana bin gaɓa da gudu. "Amma hula ta, kuma tawa ta! A rubuta!"

A karo na uku zaren ya sami ruwa. Ya faɗa tim, kamar an saki igiyar guga. Kifayen da ke inuwa suka ɓace gaba ɗaya. Wasu agwagi biyu da ke can ƙasa suka tashi suka bar unguwar.

"Sun je kiran manyansu ne," in ji Alhaji.

"Sun dai yi hijira," in ji wani dattijo daga kan tabarma.

Alhaji ya duba ƙudan gashin da ke bakin zare, ya ce laifinsa ne, kifi mai hankali ba zai ci abin da ba ya ƙamshi ba. Ya aika aka karɓo masa daddawa a wurin masu girki, ya mulka wa ƙudan. Ƙudajen gaskiya suka ji, suka zo daga ko'ina cikin gandun, suka yi masa rumfa a kai. Yana kora da hagu yana kaɗawa da dama, ƙugiya ta bi ta kan teburin girki ta ɗauke murfin tukunya. Murfin ya gangara, mata suka watse.

"Alhaji!" in ji Hajiya Mariatu. "Ka bar mini murfi, kai za a rufe da shi!"

"Daga tudu ba ya yiwuwa," in ji shi. "Bakabe sai a cikin ruwa."

Ya shiga. Ruwan bai wuce ƙwaurinsa ba. Ya taka zuwa tsakiya, ya ɗaga sandar da hannu biyu har bakinta ya shige cikin rassa, ya sa ƙafa a kan wani dutse mai gansakuka. Dutsen bai yarda ba. Alhaji ya zauna daɓas, aka ji ƙas, aka sake jin ƙas. Ruwa ya kwarara cikin wandon roba ta sama. Da Nasser da wani suka ciccibo shi, ƙafafunsa sun kumbura kamar salka biyu, kowane taku sai ya yi ƙara. Gindin sandar yana hannunsa, tsakiyarta ta bi hular Nasser, siririn bakinta kuma yana lilo a reshe.

Daidai lokacin Hajiya Mariatu ta iso da ludayi.

"Alhaji, tukunya ta tafasa."

 Na tashi a hankali na je wurin kula, na kwashe kwalaben lemo, na ture ƙanƙara, na yafuto Hajiya da hannu. Niyyata a zuba kifin a tukunya ba tare da magana ba, kowa ya ci ya tashi. Amma Alhaji ya hango.

"Alhamdulillahi!" in ji shi, ya taho yana fatsal-fatsal. "Kun gano su! Da asuba na kama su, kafin ku zo. Na ɓoye ne in ga masu imani a cikinku."

Na dube shi. Bai dube ni ba. Ya zaɓi manya biyu, ya ɗaga su ta wutsiya, ya ce a ɗauki hoto.

Nasser ya matso ya taɓa ɗaya. "Kihin Bronx da sanyi haka?"

"Ruwan asuba ne."

"Kuma sun hito a gyare, babu hanji?"

"Ina kamawa ina gyarawa. Haka muke yi a gida."

"To mi ya sa duk tsawonsu guda, kamar 'yan makaranta?"

"Zaɓa nake. Ƙanana ina korarsu."

Yana cikin wannan bayani sai ga wata ma'aikaciyar gandun a kan keke, da koren kaki da faffaɗar hula. Ta yi gaisuwa, ta dubi reshen da ke lilo, ta dubi wandon Alhaji. Ta nemi lasisi. Na ciro daga jaka na miƙa, ta duba ta ce daidai ne. Sannan ta nuna kifin.

"Waɗannan daga ƙoramar nan suke?"

"Dukansu," in ji Alhaji da Turancinsa na asibiti. "Talatin da biyu. Ni kaɗai."

Ta ciro ɗan littafi. Ta ce doka ta hana fita da kifi daga ruwan gandun, duk wanda aka kama sai a mayar da shi da rai. Don haka za ta rubuta masa sammaci ya bayyana a kotu, kifin kuma za ta tafi da shi a matsayin shaida. Wani ya fassara wa na baya.

"Ei!" in ji Hajiya Mariatu. "Kifi ya tafi kotu, mu mu sha ruwan barkono? Alhaji, ka gyara maganar nan, tukunya tana jira!"

"A mayar da su ruwa mana," in ji Nasser. "Wataƙila su hwarhwaɗo."

Ma'aikaciyar ta ɗauki kifi ɗaya ta ƙwanƙwasa shi a jikin tebur. Ya yi ƙara kamar katako. Na ga tana cije leɓe.

"Sai dai in ba a nan aka kama su ba," in ji ta. "In haka ne ka faɗa, in rufe littafi."

Alhaji ya dubi littafin, ya dubi ludayin Hajiya, ya dubi mutum sittin da wayoyinsu. Ruwa yana ta ɗiga daga aljihunan falmaran. Ya yi wata magana ƙasa-ƙasa da Turanci.

"Ba mu ji ba!" in ji Nasser. "Akwai tsohwahhi nan da ba su jin Turanci. A yi musu adalci."

"Na ce na kasuwa ne."

"Wa ya sawo?"

"Sa'a."

Dariyar da aka yi ta tayar da sauran tsuntsayen da suka rage. Dattijon kan tabarma sai da aka ba shi ruwa. Na nuna wa ma'aikaciyar katan ɗin da tambarinsa, ta rufe littafi, Hajiya Mariatu ta kwashe kifin kafin wani ya sake shawara.

Alhaji bai zo wurin cin abinci ba. Ya tuɓe wandon roba ya shanya a kan dutse, ya ciro siririn bakin sandar daga reshe, ya zauna a gindin bishiya ya juya wa jama'a baya. Guntun bai fi kamu biyu ba. Akwai sauran lallausan zare a jikinsa da ƙudan gashi, wanda ruwa ya wanke wa daddawa. Na kai masa kwano na ajiye a gefensa. Yana dai wasa da guntun a kan ruwa kamar mai korar sauro. Ƙudan ya sauka a hankali a ƙarƙashin wani reshe, ya bi ruwa kaɗan.

Sai ruwan ya motsa, guntun ya lanƙwashe.

"Sa'a," in ji shi cikin raɗa. "Sa'a! Wani abu yana ja!"

"To ka ɗaga mana, Alhaji."

Ya ɗaga. Ɗan kifi ne mai ruwan ɗorawa a ciki, yana ta fincike-fincike. Alhaji ya ƙwala ihun da ya sa jama'a suka taso da kwanukansu a hannu. Ma'aikaciyar, wadda Hajiya Mariatu ta tsare da farfesu, ita ma ta zo. Ta ce ya jiƙa hannu kafin ya taɓa shi, ta nuna masa yadda ake zare ƙugiya. Kifin ya kwanta a tafin hannunsa, da sauran wuri gaba da baya. Na ɗauki hoto.

"Yanzu a mayar," in ji ta.

Ya durƙusa ya buɗe hannu a cikin ruwa. Kifin ya tsaya kaɗan, sannan ya wuce.

"Na sake shi ne ya je ya ba manyansa labari," in ji Alhaji.

Ma'aikaciyar ta nuna guntun. "Irin wannan ce sandar ruwan nan. Siririya, mara nauyi. Lamba uku, misali."

"Abin da na gaya wa mai kantin ke nan tun farko," in ji Alhaji.

Ranar Lahadi na wanko hoton. Alhaji ya daɗe yana dubawa, ya tambaya ko za a iya ƙara masa girma. Na ce za a iya, amma yatsunsa ma za su ƙaru, kuma Yaya ya san girman yatsunsa. Shaidu suka zo bayan la'asar. Nasser ya rubuta da hannunsa: "Ni Nasser na shaida kifi ne, kuma Bakabe ne ya kama shi. Tsawonsa ya kai babban yatsana, in an haɗa da wutsiya." Hajiya Mariatu ta faɗa na rubuta mata: "Na shaida. Amma ba shi muka ci ba."

Da suka fita Alhaji ya zauna yana juya hoton.

"Sa'a, ɗauko wata takardar."

Na ɗauko.

"Bayan gaisuwa, ga hoto da shaidu kamar yadda ka nema. Game da gorar Baba, na yi nazari. Rafukan ƙasar nan sun yi mata ƙunci, in na kawo ta za ta toshe musu ruwa a kai ni kotu. A ba Jibrin." Ya tsaya. "Rubuta, ya riƙe mini ita."

Na rubuta.

"In kin fita gobe ki biya kantin dattijon nan. Ki tambayi lamba ukun. Ki ce wata ƙawarki ce take so."

"Wadda take daga Argungu?"

"Ba sai kin faɗi gari ba."

Ranar Litinin, 16 ga Yuni, na fita da wuri. A jakata akwai wasiƙu biyu. Ta farkon, mai ɗan'uwan giwan ruwa da fili mai faɗi, na bar ta a inda take, saboda ranar da labarin zai sake fara girma. Ta biyun na liƙa mata kan sarki a gidan waya, na duba adireshin Yaya Abdulai sau biyu, na jefa ta a akwati.